Murfin mafitar ƙanƙara a firiji

Murfin mafitar ƙanƙara wani ɗan ƙaramin murfi ne na roba da ake samu a jikin ƙofar firijin da ke ba da ƙanƙara daga waje ba tare da an buɗe shi ba. Yana zaune a bakin mazurarin da ƙanƙara ke gangarowa ta ciki, yana buɗewa idan an danna kofi a madanni, sannan ya koma ya rufe bayan 'yan daƙiƙoƙi. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma shi kaɗai ne shinge tsakanin iskar ɗaki da cikin firiza, inda sanyi yake kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos. Ƙin rufewar murfin na daga cikin matsalolin da aka saba gani a irin waɗannan firiji, kuma matsala ce mai ƙara wa kanta girma: iskar da ke shiga ta tsagar da ya bari tana haifar da dusar ƙanƙara da tsatsa, su kuma suna ƙara hana shi rufewa.

Tarihi

Firijin gida mai yin ƙanƙara da kansa ya fara shiga kasuwa a Amurka a shekarar 1953, lokacin da kamfanin Servel ya fito da samfurin da ke daskarar da ruwa ya tara ƙanƙarar a cikin wani akwati. A wancan lokaci dole sai an buɗe ƙofar firiza kafin a ɗiba. A shekarun 1960 ne kamfanonin Amurka suka fara huda ƙofar, suka sa mazurari da ke fito da ƙanƙara kai tsaye zuwa cikin kofi. Hikimar ita ce rage yawan buɗe ƙofa, domin duk buɗewa ɗaya tana fitar da sanyi. Sai dai hudar ta zo da tata matsalar, wato rami a tsakiyar bangon da aka yi domin tsare sanyi. Murfin mafita shi ne maganin da aka samar wa wannan ramin.

An fi ganin wannan tsari a firiji mai ƙofa biyu a tsaye, firiza a gefe ɗaya, wurin abinci a ɗaya gefen. Daga baya ya shiga samfuran da firizarsu ke ƙasa, inda ake keɓe wa na'urar ƙanƙara wani ɗan ɗaki mai sanyi a saman wurin abinci ko a jikin ƙofar kanta.

Yadda yake aiki

Idan aka tura kofi a madanni, madannin yana taɓa wani ɗan makunni da ke bayansa. Makunnin yana sa abu biyu su faru a lokaci guda: moto ya juya wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke cikin akwatin ƙanƙara ya turo ta gaba, murfin kuma ya buɗe domin ta samu hanya. Idan aka janye kofin, moton yana tsayawa nan take, amma murfin yana jinkirta 'yan daƙiƙoƙi kafin ya rufe. An yi jinkirin ne da gangan domin ƙanƙarar da ta riga ta shiga mazurari ta gama faɗowa, kada murfin ya datse ta. Ƙarar "ƙas" da ake ji jim kaɗan bayan an ɗauke kofi ita ce shaidar murfin ya koma mazauninsa.

Murfin kansa faifan roba ne mai tauri, a bayansa akwai soso mai tsare sanyi, a bakinsa kuma akwai roba mai laushi da ke mannewa da bakin mazurari. Yana rataye a jikin wani ɗan hannu da ke juyawa a kan sanda, da sifirin da ke matse shi. A samfura da yawa akwai 'yar hita mai ƙaramin ƙarfi a jikin murfin ko a kewayensa, wadda ke hana raɓa taruwa ta daskare.

Hanyoyin buɗe murfin iri uku ne:

Na solenoyid. Solenoyid naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa, sai ya zuƙo wani sandan ƙarfe, sandan kuma ya ja hannun murfin. Idan wuta ta yanke, sifirin ne ke mayar da murfin. Firijin General Electric da yawa suna amfani da wannan hanya.

Na hannu. Ƙarfin dannawar mutum ne ke tura murfin ta hanyar liba, ba wuta ba. Wani ɗan birki mai aiki da iska ko da maiƙo shi ke sa ya dawo a hankali. Tsofaffin samfuran Whirlpool da dama haka suke.

Na moto. Ƙaramin moto mai giya yana juya wani faifai mai tudu a gefe ɗaya, tudun ya ɗaga murfin ko ya sake shi, wani makunni kuma yana sanar da allon lantarkin firijin inda murfin ya tsaya. Ana samun wannan a samfuran Samsung da LG da yawa na baya-bayan nan.

Sanin irin da firiji yake da shi shi ne matakin farko na gyara, saboda kowanne da inda yake fara gazawa.

Abin da ke faruwa idan bai rufe ba

Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Idan murfin ya bar tsaga, iskar firiza tana gangarowa ta mazurari ta fita, iskar ɗaki kuma ta shiga ta maye gurbinta. Iskar da ke da zafin digiri 30 tana iya ɗaukar tururin ruwa kimanin giram 30 a kowace mita kubik, amma a digiri 18 ƙasa da sifili abin da take iya riƙewa bai fi giram 1 da ɗan kai ba. Ragowar dole ya sauka a wani wuri, kuma yana sauka ne a kan duk abin da iskar ta fara taɓawa: bangon mazurari, bayan murfin da akwatin ƙanƙara.

Daga nan matsalar take ciyar da kanta. Dusar da ta taru a bakin mazurari tana tokare murfin, tsagar ta ƙara faɗi, iska ta ƙara shiga. Ƙanƙarar da ke cikin akwati tana narkewa ta sama, ta sake daskarewa, ta dunƙule ta zama curi guda wanda murɗaɗɗen ƙarfen ba ya iya juyawa. Ruwan da ke ɗiga yana bin hannun murfin har ya kai ga solenoyid, sandan ya yi tsatsa. Hitar da ke narkar da ƙanƙarar firiji lokaci-lokaci tana jikin bututun sanyi ne a bayan firiza, zafinta ba ya isa mazurari, don haka abin da ya taru a can ba ya tafiya da kansa.

Asarar ba ta tsayawa a ƙanƙarar sha. Kwamfureso yana daɗewa yana aiki domin rama sanyin da ke zurarewa, wutar da ake ci ta ƙaru. Idan dusar ta yi yawa a bututun sanyi tana toshe hanyar iska, kuma a firiji da yawa iskar firiza ce ake hurawa zuwa wurin abinci, wanda ake so ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka. Ta wannan hanya ɗan murfi na iya zama sanadin lalacewar nama, kifi da madara.

Alamomi

Alamar da aka fi fara lura da ita ita ce ruwa na ɗiga daga mafitar ko taruwa a farantin da ke ƙasanta, ko da ba a ɗebi komai ba. Sauran sun haɗa da dusar ƙanƙara a cikin mazurari, ƙanƙara ta dunƙule a gefen akwatin da ke kusa da ƙofa, gumi ko baƙar funfuna a kewayen mafitar, jin sanyi na hurowa idan aka kai hannu, da rashin jin ƙarar rufewa bayan an ɗauke kofi. Wani lokaci akan ji solenoyid na gurnani ba ƙaƙƙautawa.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a buɗe ƙofar firiza a leƙa cikin mazurari daga ciki, wani kuma ya haska tocila daga waje. Idan haske ya ɓullo ta gefen murfin, bai manne ba. Na biyu, a sa siririyar takarda tsakanin murfin da bakin mazurari, a bar shi ya rufe, a ja. Idan ta zare ba tare da wata turjiya ba, wurin yana yoyon iska. Ana maimaita haka a sama, ƙasa da gefuna biyu.

Dalilai

Ƙanƙarar da ta maƙale. Wannan shi ne dalili mafi sauƙi kuma mafi yawa, musamman ga masu amfani da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, domin ɓarɓashinta yana liƙewa a bango ya narke ya sake daskarewa. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, saboda haka ɗan ruwan da ya shiga mahaɗar hannun murfin ya isa ya ƙame ta.

Datti da danƙo. Fantsamar lemo ko zoɓo daga kofi, da farin gishirin da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe, suna sa hannun ya yi nauyin juyawa.

Robar baki ta gaji. Da shekaru takan taurare, ta tsage ko ta karkace. Sosan da ke bayan murfin kuma yana iya shan ruwa ya kumbura.

Sifirin ya karye, ya zame daga maƙalinsa ko ya saki. A wannan hali murfin yana lilo, ba shi da ƙarfin komawa idan an tura shi da yatsa.

Sandan solenoyid ya yi tsatsa ya maƙale a ciki, ya riƙe murfin a buɗe. Jan ruwa mai launin tsatsa da ke gangarowa a bangon mafitar yana nuna haka.

Birkin jinkiri ya ƙame, a nau'in hannu. Murfin yakan dawo rabi ya tsaya.

Makunni ko allon lantarki. Idan madanni ya maƙale a danne, ko makunnin da ke bayansa ya liƙe, ko wani rile a allon ya manne, wuta ba ta yankewa daga solenoyid. A nau'in moto kuma, haƙoran giya kan cinye, ko makunnin da ke faɗin matsayin murfin ya daina aiki.

Hitar murfi ta mutu. Murfin yana rufewa lafiya bayan an share shi, amma dusar ta dawo cikin 'yan kwanaki.

Gano inda matsalar take

Masu gyara suna farawa daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da ya fi tsada, domin sau da yawa ana canza solenoyid ko allo alhali ɗan gutsuren ƙanƙara ne ya tokare.

A nau'in solenoyid, cire filogi daga soket yana raba matsalar gida biyu. Idan murfin ya rufe da zarar wuta ta yanke, hannunsa da sifirinsa lafiya suke, laifin yana wajen makunni ko allo. Idan ya ci gaba da zama a buɗe, wani abu ne ya riƙe shi: ƙanƙara, tsatsa ko karyayyen sifirin. Wannan gwaji ba ya aiki a nau'in moto, saboda moton yana tsayawa ne a inda wuta ta bar shi. A can ana mayar da filogin a saurara ko moton zai juya ya nemi mazauninsa, ko zai yi ta gurnani murfin bai motsa ba, wanda ke nuna giya ta cinye.

Bayan haka ana tura murfin da yatsa, filogi a cire. Lafiyayyen murfi yana buɗewa da 'yar turjiya ya dawo da kansa. Mai lilo yana nuna sifirin, mai tauri ko mai kartar wani abu yana nuna tsatsa, datti ko ƙanƙara.

Ana auna naɗin solenoyid da hita da mitar lantarki bayan an zare wayoyinsu. Idan mitar ta nuna hanya a yanke take, kayan ya ƙone. Sai dai ƙonannen naɗi yana hana murfin buɗewa ne, ba rufewa ba. Solenoyid na iya nuna lafiya a mita alhali sandansa ya maƙale, don haka dole a zare sandan a duba shi da ido.

Gyara

Kafin a taɓa komai ana cire filogi. Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba, siririn abu mai faɗi na ɓamɓare fuskar mafita, tsumma, ruwan ɗumi da tocila.

1. A fitar da akwatin ƙanƙara a zubar da abin da ya dunƙule. A narkar da ƙanƙarar mazurari da tsumman da aka tsoma a ruwan ɗumi, ko a bar ƙofar firiza a buɗe na ɗan lokaci bayan an kwashe abinci. A goge wurin ya bushe sarai, domin duk ruwan da aka bari zai daskare.

2. A wanke bakin mazurari da robar murfin da ruwan sabulu mai ɗumi. Ruwan khal yana narkar da farin gishirin ruwa. Idan murfin ya koma rufewa bayan wannan, aiki ya ƙare.

3. Idan bai rufe ba, a cire fuskar mafitar. A wasu samfura ƙugiyoyin roba ne ke riƙe ta, a wasu akwai sukurori a ɓoye ƙarƙashin farantin ɗigar ruwa. A bayanta akwai wayoyi masu filogi da ke zuwa maɓallan gaba. Ɗaukar hoton yadda suke da waya kafin a zare su yana sauƙaƙa mayarwa.

4. A kwance marikin madanni da makunnai, a kula da bututun ruwan sha da ke ratsa shi. Daga nan murfin, hannunsa, sifirin da solenoyid ko moto suna bayyana.

5. A lura da yadda ƙafafun sifirin suka zauna kafin a cire shi, domin mayar da shi a juye yana sa murfin ya zauna a buɗe. A canza duk abin da ya karye ko ya tsage.

6. Solenoyid mai tsatsa ana iya kankare sandansa da takardar yashi ya yi aiki na ɗan lokaci, amma tunda rufin da ke kare ƙarfen ya riga ya ci, tsatsar tana dawowa. Canza shi ya fi ɗorewa. Masu gyara sukan canza murfi, sifirin da solenoyid tare, saboda yoyon murfin ne ya jawo tsatsar tun farko, kuma tsohon murfi zai sake lalata sabon solenoyid.

7. Idan mahaɗa na buƙatar maiƙo, ana sa ɗan giris na silikon wanda aka amince da shi a kayan abinci. Baƙin mai da man feshi na kanikanci ba su dace ba: suna lalata roba kuma warinsu yana shiga ƙanƙarar sha.

8. A mayar da komai, a sa wuta, a danna madanni sau da yawa ana sauraron rufewa, sannan a maimaita gwajin tocila da na takarda.

Ana sayen kayan canji ne da lambar samfurin firijin, wadda ke rubuce a wata takarda da aka manna a bangon ciki na wurin abinci. Murafe na kamfani ɗaya kan yi kama a ido amma su bambanta a girma ko a wurin maƙala hannu, don haka zuwa kasuwa da tsohon ya fi kwatance.

Matakin wucin gadi

Idan ba a samu kayan canji nan da nan ba, ana toshe mazurarin daga ciki da soso ko tsumma da aka naɗe a leda, a kashe na'urar yin ƙanƙara, a kuma kunna makullin yara da ke jikin maɓallan gaba domin kada wani ya danna madanni moto ya turo ƙanƙara a kan toshiyar. Firijin zai ci gaba da sanyaya abinci yadda ya kamata, ana ɗibar ƙanƙara da hannu daga ciki. Idan solenoyid ne ke gurnani ba tsayawa, ana zare wayarsa bayan an cire filogi, a naɗe bakinta da tef, domin an yi shi ne ya yi aiki na daƙiƙoƙi, kuma yana zafi har ya narkar da robar da ke kewaye da shi idan ya daɗe da wuta.

Tsaro

A samfura da yawa wutar gida kai tsaye ce ke zuwa solenoyid da hita, a wurin da ba ya rabuwa da danshi. Kashe firiji ta maɓallin gaba ba ya yanke ta, cire filogi ne kawai ke yi. Ba a sa yatsa can cikin mazurari idan akwai wuta, domin a samansa wuƙaƙen niƙa ƙanƙara suke.

Ba a sassaƙar ƙanƙara da wuƙa ko sukudireba. Bangon mazurari yana tsagewa, robar murfin tana yankewa, kuma a cikin firiza ana iya huda bututun gas. Firijin zamani da yawa suna aiki da gas na R600a, wanda ke kama wuta. Tafasasshen ruwa da iskar na'urar busar da gashi a kusa-kusa suna karkatar da roba, murfin da ya karkace kuma ba ya sake mannewa.

A ƙasashe masu zafi

Yanayi yana da tasiri a kan saurin lalacewar murfin. A damina, ko a garuruwan bakin teku irin su Legas, Akara da Duwala, iska na ɗauke da danshi mai yawa, don haka tsagar da ba za a lura da ita ba a lokacin hunturu tana cika mazurari da dusa cikin kwanaki kaɗan. Yawan ɗauke wuta shi ma yana taimakawa: ƙanƙarar akwati tana narkewa, ruwan ya gangaro ya taru a bayan murfin, idan wuta ta dawo ya daskare ya riƙe shi a duk inda ya same shi. A gidan da wuta ke daɗewa ba ta dawo ba, kwashe ƙanƙarar akwatin kafin ta narke yana hana hakan.

Akwai kuma batun ƙarfin wuta. Firijin da aka ƙera domin kasuwar Amurka yana aiki da bolt 120 da hez 60, alhali wutar gida a Najeriya da Ghana bolt 230 ce da hez 50. Irin waɗannan firiji na hannu suna buƙatar taransifoma mai rage wuta, wadda ke gyara bolt amma ba ta canza hez. Solenoyid ko hitar da za a sa musu dole su zama na bolt 120, ko da kuwa na bolt 230 sun yi kama da su kuma sun fi sauƙin samu a kasuwa.

Kiyayewa

Share mazurari da busar da shi lokaci-lokaci, musamman bayan amfani da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, yana kawar da mafi yawan matsalar tun ba ta fara ba. Ɗibar 'yan ƙwayoyin cikakkiyar ƙanƙara bayan niƙaƙƙiya yana share ɓarɓashin da ya rage. Riƙe kofi na daƙiƙa biyu ko uku bayan an saki madanni yana ba ragowar damar faɗowa. Idan za a yi doguwar tafiya, ana kashe na'urar ƙanƙara a zubar da abin da ke akwatin. Wasu firiji suna da maɓallin rage cin wuta wanda ke kashe hitocin hana raɓa, kuma a lokacin damina barin hitocin a kunne ya fi dacewa.